Da adadin wa Maɗaukaki ya raba al'ummai? Muhawara a kan Maimaitawar Shari'a 32:8

Malam Habila, ƙasar Sumaila:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Na zo da tambayar da ta fi ƙarfina, ina roƙon waɗanda Allah ya ba su sani su taimake ni kafin Lahadi mai zuwa. Wata uku ke nan muna bin littafin Maimaitawar Shari'a a ajin darasin Lahadi na matasa, littafin da tsofaffinmu suka fi sani da Kubawar Shari'a kamar yadda tsohuwar fassarar 1932 ta kira shi. Makon jiya muka iso waƙar Musa a sura 32. Aya ta 8 tana cewa, sa'ad da Maɗaukaki ya ba al'ummai gādonsu, sa'ad da ya rarraba 'yan adam, ya kafa wa al'ummai iyakoki bisa ga adadin 'ya'yan Isra'ila. Aya ta 9 kuma ta ce rabon Ubangiji shi ne jama'arsa, Yakubu ne gādonsa. Haka na saba jin ta tun ina yaro, haka kuma na koyar.

Ina gama bayani sai wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ya miƙo mini wayarsa. Ya buɗe fassarorin Turanci biyu: ta King James ta ce 'ya'yan Isra'ila, ta ESV kuwa ta ce 'ya'yan Allah. Ya tambaye ni wacce ce gaskiya, kuma su wane ne waɗannan 'ya'yan Allah da aka raba duniya da adadinsu. Na gaya masa ya ba ni mako guda. Yau Laraba, har yanzu ban sami abin da zan tsaya a gaban yaran nan in faɗa da zuciya ɗaya ba.

Baba Dauda, dattijon ikilisiya, ƙasar Karaye:

Habila ɗana, matambayi ba ya ɓata, ka kuma kyauta da ba ka rufe bakin yaron da tsawa ba. Ga abin da aka koya mana, wanda har yau ban ga abin da ya ture shi ba. Ka buɗe Farawa sura 10, ka ƙidaya zuriyar Shem da Ham da Yafet, za ka sami al'ummai saba'in. Sa'an nan ka duba Farawa 46:27 da Fitowa 1:5, za ka ga mutanen gidan Yakubu da suka gangara Masar su ma saba'in ne, Musa kuma ya maimaita wannan adadi a Maimaitawar Shari'a 10:22, a cikin littafin nan da kuke karantawa. Saba'in a nan, saba'in a can, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Abin da na fahimta shi ne, tun ranar da Allah ya watsa mutane daga Babila, Isra'ila tana cikin shirinsa, ko da yake ba a haifi Ibrahim ba tukuna. Mu manoma mun san wannan. Idan maigida ya rasu ya bar matarsa da ciki, dattawa ba sa cinye gonaki duka a rabo, sai sun ware na ɗan da ba a haifa ba. Haka Maɗaukaki ya auna wa kowace al'umma wurinta, yana sane da ɗan da ke tafe. Ka koya wa yaranka wannan, ya wadatar.

Fasto Iliya, ƙasar Tudun Wada:

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Bayaninka tsohon bayani ne mai tushe, malaman Yahudawa da yawa ma haka suka fahimci ayar. Amma ka yi mini izini in faɗi dalilin da ya sa fassarorin suka rabu, domin yaron nan ya taɓo wani abu na gaske.

Ana fassara Tsohon Alkawari ne daga Ibrananci, kuma cikakken kwafin hannu mafi tsufa da masu fassara suka fi dogara da shi an rubuta shi wajen shekara ta 1008, yana ajiye yanzu a ƙasar Rasha. Shi ne yake cewa 'ya'yan Isra'ila, masu fassarar King James ta 1611 kuma wannan layin rubutun suka bi. To, amma akwai wata shaida da ta girme shi nesa. Wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta ƙasar Masar suka fassara littattafan Musa zuwa Helenanci, fassarar da manzanni suka riƙa ɗauko ayoyi daga cikinta. A wannan aya, yawancin kwafinta suna cewa mala'ikun Allah. An daɗe ana gardama ko masu fassarar ne suka saka nasu ra'ayin, ko kuwa Ibranancin da ke gabansu ne ya bambanta.

Amsar ta fito daga kogo. Daga 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran da ke gefen Tekun Gishiri, a kogo na huɗu kuma, wanda aka gano a 1952, aka sami wani guntun fata mai ɗauke da wannan aya da Ibrananci. Abin da ke rubuce a kansa shi ne 'ya'yan Allah. Guntun ya girmi kwafin 1008 da kusan shekara dubu. Ke nan Yahudawan Iskandariya ba su ƙaga ba, abin da suka gani suka fassara.

Ni na fi karkata ga 'ya'yan Allah, kuma ba tsufan fatar kaɗai ya ja ni ba. Ku karanta aya ta 8 da ta 9 a numfashi ɗaya, za ku ji ana rabo ne, ana kuma ware wani kaso. Al'ummai an danƙa su ga waɗansu, amma Yakubu Ubangiji ya riƙe shi a hannunsa. In aka ce 'ya'yan Isra'ila a aya ta 8, wannan bambancin yakan dushe. Musa ya riga ya faɗi makamancin haka a sura 4:19 zuwa 20, inda ya gargaɗi Isra'ila kada su yi sujada ga rana da wata da taurari, dukan rundunar sama, waɗanda Ubangiji ya raba wa sauran al'ummai, amma su ya fisshe su daga tanderun Masar su zama abin gādonsa. Rabo a aya ta farko, keɓewa a ta biyu, daidai da tsarin waƙar. Abu na ƙarshe, ya fi sauƙi a gane yadda mai kwafe littafi mai tsoron Allah zai ji nauyin rubuta 'ya'yan Allah ya sassauta ta, fiye da a ce wani ya ga 'ya'yan Isra'ila ya mai da ita abin da zai ta da hankali.

Baba Dauda:

Fasto, na ji, ban kuma ƙaryata iliminka ba. Amma ka san inda muke zaune. A kasuwa, a wurin suna, a gindin bishiya, maganar da maƙwabtanmu suke yawan yi mana ita ce an canza Littafinmu. Yanzu kana so Habila ya tsaya gaban yara ya ce wani mai kwafi ya sauya kalma? Kuma kalmar da za a saka ita ce 'ya'yan Allah, wadda ka san yadda take faɗuwa a kunnen Musulmi? Yaron da ya ji wannan gobe zai kai shi makaranta, abokansa su kai gida, mu dattawa kuma mu ne za a tara da tambaya.

Fasto Iliya:

Baba, damuwarka tawa ce, domin ni ma a cikinsu nake zaune, da su nake cin kasuwa. Sai dai yaron ya riga ya gani da idonsa, tafin hannu kuwa ba ya rufe rana. In muka ɓoye masa, ranar da wani ya nuna masa a waje zai ɗauka mun yaudare shi a kan sauran abubuwa ma. Abin da zan gaya wa yaron shi ne, an kwafe Littafi da hannu shekaru aru-aru kafin a ƙirƙiro injin buga littafi, kuma saboda kwafin suna da yawa, a ƙasashe daban-daban, shi ya sa ake iya jera su a ga inda suka bambanta. Masu fassara ba su ɓoye ba, da yawansu sun rubuta bambancin a ƙasan shafi domin kowa ya gani.

Game da kalmar kuwa, 'ya'yan Allah a nan ba maganar haihuwa ba ce. Salon Ibrananci ne na kiran halittun sama, kamar yadda muke cewa 'yan fada ko 'yan majalisa. A Ayuba 1:6 su ne suka zo suka tsaya a gaban Ubangiji, a Ayuba 38:7 su ne suka yi sowa sa'ad da aka kafa harsashin duniya. Halittu ne, bayi ne. Waƙar kanta ta toshe kowace ƙofar shirka a aya ta 39, inda Ubangiji ya ce shi ne shi, ba wani allah tare da shi.

Mama Rifkatu, zumuntar mata, ƙasar Roni:

Ina gaishe da iyaye maza da malamai. Tun safe nake karantawa ina shiru, amma maganar Fasto ta taɓa wani wuri a zuciyata da ya daɗe yana ciwo, sai ku yi haƙuri da tsawon zancena.

Ni jikar Bamaguje ce, kamar yawancinmu a nan. Na yi wayo na tarar da kakana, wanda ya haifi babana, yana da jigo a tsakar gida, kowace shekara kafin shuka yakan yanka akuya ya zuba jinin, yana kiran Uwar Gona ta ba shi albarka. In yaro ya kwanta ciwo, sai a nemi wane iska ne aka ɓata wa rai. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin amana, bai taɓa matsa iyakar gonar wani ba, baƙo kuma ba ya kwana da yunwa a gidansa. Na taɓa tambayarsa ko ya san Allah, sai ya ce ya sani mana, Allah ne ya yi sama da ƙasa, amma Allah yana nesa, talaka ba ya shiga wurin sarki kai tsaye, sai ta hannun 'yan fada. Ya rasu kafin mai bishara ya taka ƙauyenmu da shekara biyu.

To Fasto, in har Allah ne da kansa ya raba al'ummai ya danƙa su a hannun waɗansu halittun sama, ashe iskokin da kakana ya bauta wa, Allah ne ya ɗora su a kanmu? Ashe Tsumburbura da mutanen Dala suka yi wa tsafi a zamanin Barbushe rabon Kanawa ne daga wurin Maɗaukaki? In haka ne, mene ne laifin kakana, tun da ƙofar da aka buɗe masa ita ya bi? In kuwa ba haka ba ne, to Allah ya zaɓi Yakubu ya yar da mu ke nan har tsawon waɗannan shekaru? Ba don gardama na yi tambayar ba. Fuskar tsohon nan nake gani duk lokacin da aka karanta irin wannan aya.

Fasto Iliya:

Mama, tambayarki ta fi ta yaron nauyi, zan kuma amsa iyakar inda Littafi ya kai ni.

Danƙa wa bawa amana daban, ba shi izinin karɓar sujada daban. Hakimi yakan naɗa dagaci ya kula da ƙauye, amma in dagacin ya fara karɓar haraji da sunan kansa, yana zaluntar marayu, yana cewa shi ne sarki, ya ci amana ke nan, laifin kuma ba na wanda ya naɗa shi ba ne. Wannan hoton ne nake gani a Zabura 82. Allah ya tsaya a tsakiyar taron alloli yana tuhumarsu da yin shari'ar son zuciya da ƙin ceton matalauta da marayu, ya yanke musu hukunci cewa za su mutu kamar mutane. Na san waɗansu malamai suna ɗaukar waɗannan a kan alƙalai 'yan adam ne, ba kuma zan yi faɗa da su ba. Amma Daniyel sura 10 ta nuna akwai yaƙi a bayan labule, inda mai kawo wa Daniyel saƙo ya ce shugaban mulkin Farisa ya tare shi kwana 21 har sai da Mika'ilu ya kawo masa taimako. Waƙar Musa kuma ba ta yi wa hadayar da ake miƙa wa irin waɗannan kara ba: aya ta 17 ta ce ga aljanu aka miƙa ta, Bulus ya maimaita haka a 1 Korintiyawa 10:20. Saboda haka ba zan ce jigon kakanki hanya ce da Allah ya yarda da ita ba.

Amma cewa Allah ya yar da mu, wannan Littafi bai faɗa ba. Ana gama labarin Babila a Farawa 11, sura ta gaba Allah ya kira Ibrahim, ya ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Ya keɓe ɗaya ne domin ya dawo da saba'in. Bulus ya gaya wa mutanen Listira a Ayyukan Manzanni 14:16 zuwa 17 cewa a zamanin dā Allah ya bar al'ummai su bi hanyarsu, duk da haka bai bar kansa ba shaida ba, yana ba su ruwan sama da damina mai albarka, yana ƙosar da su da abinci. Mama, geron da kakanki ya girbe ya gode wa Uwar Gona, Maɗaukaki ne ya ba shi. A Atina kuma, a Ayyukan Manzanni 17:26 zuwa 27, Bulus ya faɗi makamancin wannan ayar tamu: daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai, ya ƙayyade zamaninsu da iyakar mazauninsu, domin su neme shi, ko sa laluba su same shi, ko da yake ba ya nesa da kowannenmu. Kakanki ya ce Allah yana nesa, Bulus ya ce bai taɓa yin nesa ba. Inda tsohon yake a yau, ba ni da ikon yanke hukunci. Ibrahim ya tambaya a Farawa 18:25 ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, a nan ni ma nake tsayawa.

Mama Rifkatu:

Na gode, Fasto. Ban taɓa lura da maganar ruwan sama ta Listira ba. Zan sake karanta ta da dare in yara sun kwanta.

Ayuba, shugaban matasa, ƙasar Rano:

Ina neman afuwar iyayena, zan kawo ɗaya gefen ayar da ba a taɓa ba tukuna, wato maganar iyakoki. Bara na nemi auren wata yarinya mai bi, 'yar wata ƙabila daga kudancin Kaduna, wadda iyayenta suka daɗe suna aiki a yankinmu. Wani kawuna ya ƙi, ya kuma kafa hujja da wannan aya, ya ce Allah da kansa ya sa wa kowace al'umma iyaka, wanda ya ƙetare ta ya yi jayayya da Mahalicci. Abin mamakin shi ne, a waccan shekarar ce kuma na je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma a wani ofishi, ma'aikacin ya dubi sunana ya ce mai irin wannan suna ba zai zama ɗan nan ba, alhali kabarin kakan kakana yana bayan gidanmu. Na sha wuya kafin mai unguwarmu ya je ya tsaya mini. Na dawo gida na tarar ana yi wa yarinyar nan abin da aka yi mini a ofis, da Littafi a hannu. Ina so malamai su gaya mini gaskiya, ayar nan ta hana al'ummai cuɗanya ne?

Malam Saminu, malamin tarihi a sakandare, ƙasar Gumel:

Ayuba ƙanena, hujjar kawunka ba sabuwa ba ce, an taɓa gina ƙasa guda a kanta. A Afirka ta Kudu, inda aka yi mulkin wariyar launin fata daga 1948 zuwa 1994, babbar ikilisiyar Turawan da ke mulki ta riƙa jera ayoyi uku, labarin Babila, da Maimaitawar Shari'a 32:8, da Ayyukan Manzanni 17:26, tana cewa Allah ne ya raba jinsuna, don haka kowa ya zauna a unguwarsa, ya yi sujada a majami'arsa, ya yi aure a cikin launinsa. A 1974 ta rubuta wannan a rahoton babban taronta, a 1986 kuma ta fito ta amsa cewa kafa wariya da Littafi kuskure ne. Kafin ta amsa, an riga an tashi miliyoyin baƙaƙen fata daga gidajensu.

Ku dubi yadda suka yi da ayar Atina: suka riƙe iyakar mazauni, suka tsallake farkon jimlar da ya ce daga mutum ɗaya, suka kuma tsallake ƙarshenta da ya faɗi dalili. Musa da ya rera waƙar nan, matarsa Bakushiya ce, wato 'yar ƙasar Kush, ba Ba'isra'iliya ba, kuma a Littafin Ƙidaya sura 12, da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kanta, Maryamu ce ta kamu da kuturta. Rut mutuniyar Mowab ce, ita ce ta haifi kakan Dawuda, sunanta yana cikin asalin Yesu a Matiyu sura 1. Inda Littafi ya hana Isra'ila auren waɗansu al'ummai, ya faɗi dalilin a Maimaitawar Shari'a 7:4, wato kada su janye zuciyar 'ya'yansu zuwa bautar gumaka. Yarinyar da kake nema mai bi ce, wannan dalilin bai hau kanta ba.

Sai kuma mu yi hattara da wace iyaka muke jingina wa Allah. Ni kusa da Maigatari nake, ina ganin 'yan'uwa ciki ɗaya, ɗaya yana riƙe da katin Najeriya ɗaya na Nijar, suna haɗuwa a kasuwar dabbobi ran Alhamis. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka ja shi da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885. Jigawa kanta sai a 1991 aka cire ta daga Kano. Na yarda ba abin da ke faruwa a bayan sanin Allah, shi ya sa Bulus ya haɗa zamani da iyaka, domin iyakoki suna da lokacinsu, suna tashi suna faɗuwa. Amos 9:7 ma ya ce Allah da ya fito da Isra'ila daga Masar, shi ne ya fito da Filistiyawa daga Kaftor, Suriyawa kuma daga Kir. Mai kafa iyaka shi ne kuma mai sa ƙaura. Maƙwabtanmu Musulmi suna da aya a Suratul Hujurat, ta 13, da take cewa an yi mutane al'ummai da ƙabilu domin su san juna, na kuma sha jin limamai suna karanta ta a wurin sasanta rikici.

Baba Dauda:

Ayuba jikana, ka gaya wa kawunka in ji ni, ya sake karatu. A kan wannan ina tare da Malam Saminu, sai dai ba na so mu yi wa iyaka kallon abin banza, domin na ga jini ya zuba a kanta.

Sau da yawa dagaci ya kira ni shaida a rikicin gona, na kuma san amfanin layin gamba ko cini-da-zugu da ke tsakanin gona da gona. Ba don maƙwabta su daina gaisawa aka shuka shi ba. An shuka shi ne don mai shanu huɗu da garma kada ya riƙa cin kunya ɗaya kowace damina daga gonar gwauruwar da fartanya kaɗai gare ta, har a wayi gari ba ta da inda za ta shuka gyaɗa. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana kawar da alamar iyakar maƙwabci, 27:17 kuma ta la'anci mai yin haka. Ku duba sura 2 ta littafin nan, abin zai ba ku mamaki. Isra'ila suna tafe da rundunarsu, Allah ya ce kada su taɓa ƙasar Seyir ko da tafin ƙafa ɗaya, domin ya ba zuriyar Isuwa, abinci ma da ruwa su saya da kuɗi. Haka ya faɗa a kan Mowab da Ammon, zuriyar Lutu. Iyakar da Allah ya kafa, zaɓaɓɓun nasa ta fara takawa birki. In ana so a yi wa'azi da ayar nan a ƙasarmu, a yi wa mai kuɗin da ke haɗiye gonakin talakawa, da manomin da ya nome burtali, da makiyayin da ya kora shanu cikin dawa kafin girbi.

Amma Fasto, ka ji ni da kyau, a kan kalmar ban sauka ba. Ranar da aka ba ni karatu a majami'a, 'ya'yan Isra'ila zan karanta, domin saba'in ɗin nan biyu ba su haɗu a banza ba.

Fasto Iliya:

Baba, ba zan hana ka ba. Akwai ma wata tsohuwar fassarar Yahudawa da harshen Aramiya da ta haɗa biyun a wannan aya, ta ambaci mala'iku saba'in na al'ummai, ta kuma ambaci mutum saba'in na Isra'ila da suka gangara Masar. Ka ga tun dā akwai waɗanda suka ƙi sakin ko ɗaya. Ni dai in aka tambaye ni wacce ta fi tsufa, zan ce 'ya'yan Allah, ba kuma zan so Habila ya ɓoye wa yaron guntun fatar Kumran ba.

Malam Habila:

Iyayena, Allah ya saka muku da alheri. Ga abin da na shirya. Zan rubuta karatun biyu a allo, in faɗa wa yaran inda kowanne ya fito da shekarunsa, in kuma gaya musu dalilin Baba da dalilin Fasto ba tare da na rage wa kowa ba. Daga nan mu karanta Zabura 82:8, inda aka roƙi Allah ya tashi ya shara'anta duniya domin dukan al'ummai gādonsa ne, mu bi da Ayyukan Manzanni sura 2, inda mutanen Farisa da Masar da Larabawa kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Mama Rifkatu, kusan duk yaran ajina jikokin masu jigo ne, na tabbata tambayarki tana cikin zuciyar waɗansunsu ko da ba su furta ba. Za ki yarda in ba su labarin kakanki, ba tare da na faɗi sunanki ko na ƙauyenku ba?

Mama Rifkatu:

Na yarda, Malam. Sai dai in za ka ba da labarin, kada ka tsaya a kan jigon da akuyar kaɗai. Ka gaya musu har da cewa bai taɓa matsa iyakar gonar kowa ba, kuma ka karanta musu ayar ruwan sama ta Listira kafin ka tashe su.